Kalangu da fiyano a waƙa ɗaya: tambayoyi da amsoshi

Haɗa kayan kiɗan gargajiya da na zamani sabon abu ne?

A'a, ya daɗe. Tun shekarun 1960 ƙungiyar Bembeya Jazz ta ƙasar Gini take ɗora waƙoƙin maroƙan Mandinka a kan jita. A Senegal, Youssou N'Dour ya shigo da gangunan sabar da tama cikin kiɗan zamani. A ƙasar Yarbawa kuwa King Sunny Adé ya jera gangan, ɗan'uwan kalangunmu, da jitocin lantarki. Ko maƙwabtanmu na Yamai, ƙungiyar Mamar Kassey, molo da sarewa da kalangu suke kaɗawa tare da jita.

To me ya sa namu ya karkata ga fiyano?

Arha da sauƙi. Tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta a situdiyo yake yin aikin da a da sai an tara ƙungiya guda.

Ai fiyano ma yana fitar da sautin kalangu, ko ba haka ba?

Yana kwaikwayo dai, amma ba ya magana. Ka je filin dambe a nan Sakkwato, ka tsaya dab da mai kalangu, ka sa ido a hannunsa na hagu. Gula na dukan fata, shi kuma yana matse igiyoyin yana sassautawa, murya na hawa tana sauka yadda Bahaushe ke furta kalma. Shi ya sa ɗan dambe kan ji takensa daga nesa, tsikar jikinsa ta tashi, tun ba a ambaci sunansa ba. Sautin da aka ajiye cikin na'ura kuwa yadda aka ɗauke shi haka zai yi ta maimaituwa. Haka kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo: yatsun makaɗa suna bin numfashin mawaƙi, in ya ja su ja, in ya tsaya su jira shi. Wannan jiran ne nake kewa a yawancin waƙoƙin yanzu.

Wane irin haɗi ne ke yin armashi?

Wanda aka gayyato makaɗi da kansa, aka biya shi haƙƙinsa, aka bar shi ya ja gaba. Marigayi Ali Farka Touré na Mali ya san njarka, wato gogen ƙasarsu mai tsirkiya ɗaya, sai ya sa jitarsa ta bi salonta. Mai situdiyon da ya samu mai kukuma ko mai gurmi, ya fara ɗaukar nasa kiɗan tukuna, sannan ya daidaita fiyano a kai.