Mene ne sansanin hutun bazara na Kirista, kuma me ya kai shi daji?

Sansanin hutun bazara wuri ne da ikilisiya ko wata ƙungiyar Kirista ke kai yara su kwana nesa da gida, galibi na mako guda, a dogon hutun makaranta. A Amurka, inda abin ya fi kafuwa, hutun kan faɗo ne daga Yuni zuwa Agusta, sansanonin kuwa yawancinsu a bakin tabki suke, ko gindin dutse, ko cikin kurmi. Sansanin Dudley, wanda ya faro a 1885 ƙarƙashin ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, har yau yana karɓar yara a bakin tabkin Champlain a jihar New York. A Sikotland kuma ƙungiyar yara maza Kirista ta Boys' Brigade ta yi zangonta na farko a 1886. Ita ce ƙungiyar da ta iso Najeriya a 1908, wadda majami'un Jos da Kaduna suka sani da faretinta da gangunanta.

Masu shirya sansani suna kafa hujja da Zabura 19, mai cewa sammai na shelar ɗaukakar Allah, da Markus 1:35, inda Yesu ya tashi tun da asuba ya tafi inda ba kowa domin addu'a. Tsarin yinin daga nan ya samo tushe. Da sassafe kowane yaro zai ɗauki Littafi Mai Tsarki ya nemi gindin itace, ya zauna shi kaɗai minti 15 zuwa 20. Waya kuwa, sansanoni da yawa tun a ƙofa suke karɓe ta. Da rana sai iyo, tuƙin kwalekwale da hawan dutse, da dare a kewaye wuta da waƙoƙi da shaida.

Inda aikin yake shi ne bayan wasan. A ce yarinya ta hau bango ɗaure da igiya, ƙafafunta na rawa, wani a ƙasa yana riƙe da igiyar. Da ta sauko, mai kula da ɗakinsu, wanda yara 8 zuwa 10 ke hannunsa, zai tara su ya tambaya: me kika ji da kika saki hannu? Wa kika dogara da shi? Daga amsarta ake shiga maganar bangaskiya. Sansanin da ya tsallake wannan zama, yawon buɗe ido kawai ya yi. Haka kuma alkawuran da yara ke ɗauka a daren ƙarshe gaban wuta sukan dushe in ikilisiyar gida ba ta bi sawu ba.

Daji kuma ba ya wasa da sakaci. Ana gwada iyon kowane yaro ranar farko, ba mai shiga ruwa sai da abokin da zai sa masa ido. In an ji tsawa kowa ya fito, sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Da yamma a duba jiki saboda kaska, domin a arewa maso gabashin Amurka tana ɗauke da cutar Lyme. Ranar 4 ga Yuli 2025 kogin Guadalupe ya yi ambaliya cikin dare a Texas, ya kashe yara mata da masu kula da su 27 a sansanin Mystic. Saboda haka kafin iyaye su sa hannu a takarda, su tambayi nisan ɗakunan kwana daga kogi, da wanda ke gadi da dare, da tudun da za a kai yara in ruwa ya taso.