Ƙungiyar Ƙwallon Jami'ar Sewanee a Kakar 1899

Ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Sewanee ta shekarar 1899, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da "Mazajen Ƙarfe", ƙungiyar ɗalibai ce da ta wakilci wata ƙaramar jami'a da ke jihar Tennessee a kudancin Amurka. A waccan kaka ta buga wasa 12 ta lashe su duka, ta tara maki 322, abokan karawarta kuwa maki 10 kacal suka samu, su ma a wasa guda. Abin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne wata tafiya ta jirgin ƙasa mai tsawon kusan mil 2,500, wato kimanin kilomita 4,000, wadda a cikinta ta doke manyan makarantu biyar a cikin kwana shida, ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ta ci maki ba.

Jami'ar da yanayin wasan

Limaman cocin Episcopal na jihohin kudu ne suka kafa jami'ar a 1857 da sunan Jami'ar Kudu, amma Yaƙin Basasar Amurka ya hana ta fara karatu sai a 1868. Tana kan tsaunin Cumberland, a wani gari da ake kira Sewanee, kuma sunan garin ne ya bi ta har ya danne na asali a bakin jama'a. A 1899 ɗalibanta ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba. Ta fara buga ƙwallo a 1891, kuma tana cikin ƙawancen wasanni na makarantun kudu da ake taƙaita sunansa da SIAA, wanda aka kafa a 1894. Tsarin karatunta ya ba ta wata fa'ida a kan saura: ana karatu a cikinta duk tsawon lokacin zafi, a yi dogon hutu da hunturu, saboda haka 'yan wasanta sukan fara atisaye tun sauran makarantu suna hutu.

Wasan da ake magana a kai ba ƙwallon ƙafar da aka saba gani ba ne. Ɗan uwan zari-ruga ne, ana rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, abokan hamayya kuma su tare mai gudun su kayar da shi. A dokokin 1899 ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba, domin sai a 1906 aka halatta hakan. Ana ba ƙungiya dama uku ta ci yadi biyar, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren. Kai ƙwallo bayan layin ƙarshe maki biyar ne, bugun da ke biyo baya maki ɗaya, buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin turaku daga cikin fili shi ma maki biyar. Mutum goma sha ɗayan da suka kai hari su ne kuma za su tsaya tsaron gida, wanda aka fitar daga fili kuwa ba ya dawowa, don haka sai rauni ya yi tsanani ƙwarai ɗan wasa yake yarda ya fita. Yawancinsu ba sa sa hular kwano. Tara gashi suke yi ya zame musu kariya. Duk wanda zai auna nauyin wasa biyar a kwana shida, da wannan ma'auni ya kamata ya auna shi.

Jagorori da farkon kaka

Kocin ƙungiyar shi ne Billy Suter, wanda ya yi karatu a Princeton, kyaftin kuma Henry Seibels, wanda aka fi sani da Diddy. Sauran fitattun 'yan wasa sun haɗa da Ormond Simkins da Rex Kilpatrick. Amma wanda ya tsara jadawalin ɗalibi ne ɗan shekara 20 mai suna Luke Lea, manajan ƙungiyar. A waccan shekara an samu saɓani tsakanin Sewanee da babbar kishiyarta Jami'ar Vanderbilt a kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da suka saba yi duk shekara bai yiwu ba, kuma da yake shi ne wasan da ya fi kawo kuɗi, sai Lea ya nemi cike giɓin ta hanyar zuwa garuruwan da ke da 'yan kallo. Ke nan neman kuɗi ne ya haifi tafiyar da ake yabo a yau.

An buɗe kaka a Atlanta ranar 21 ga Oktoba da doke Jami'ar Georgia da ci 12 da nema, bayan kwana biyu aka bi Georgia Tech da 32 da nema. Jami'ar Tennessee ta sha 46, Southwestern Presbyterian kuma 54.

Tafiyar kwana shida

Tawagar da ta shiga jirgi ta ƙunshi 'yan wasa da koci da manaja, da kuma Cal Burrows, baƙar fata, wanda aikinsa shi ne yi wa 'yan wasa tausa da kula da raunukansu a cikin tarago tsakanin wasa da wasa. A kudancin Amurka na zamanin wariyar launin fata ba zai yiwu ya shiga fili ya buga ba, an kuma daɗe ba a cika ambatonsa a labarin ba, alhali da wuya a ce 'yan wasan za su iya tsayuwa kowace safiya ba tare da aikinsa ba. An kuma ɗauki gangunan ruwa daga maɓuɓɓugar tsaunin Sewanee, don gudun kada baƙon ruwa ya ɓata wa 'yan wasa ciki.

Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba suka doke Jami'ar Texas a Austin da ci 12 da nema. Suka kwana a jirgi, ranar Juma'a suka ci Texas A&M 10 da nema a Houston. Suka sake kwana a hanya, ranar Asabar suka lallasa Tulane 23 da nema a New Orleans. Ranar Lahadi ba a yi wasa ba. Litinin 13 ga wata suka ci Jami'ar Jihar Louisiana 34 da nema a Baton Rouge, Talata kuma suka kammala da Jami'ar Mississippi a Memphis, 12 da nema. Jimilla maki 91 ke nan ba a rama ko ɗaya ba. Akwai wata magana da ta shahara a kan tafiyar, cewa "a rana ta bakwai suka huta", wadda aka aro daga labarin halitta a Littafi Mai Tsarki, abin da ya dace da makarantar coci. Sai dai a lissafin kwanaki hutun nasu a rana ta huɗu ya faɗo.

Ya kamata a sa wannan nasara a muhallinta. Makarantun nan biyar duk sabbin shiga ne a wasan, domin a 1893 da 1894 suka fara shi, ƙarfin ƙwallon jami'o'i kuwa a lokacin yana arewa maso gabas ne, inda Harvard da Princeton suke, kuma su ne ake lissafawa a matsayin zakarun ƙasa na 1899. Sewanee ba ta kara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Girman abin da ta yi yana cikin juriyar jiki da gajiyar hanya fiye da ƙarfin abokan karawa.

Wasan Auburn da ƙarshen kaka

Bayan dawowa gida ta ci Jami'ar Cumberland 71 da nema ranar 20 ga Nuwamba. Wasa mafi tsauri shi ne na ranar 30 ga wata a Montgomery, inda ta haɗu da Auburn ƙarƙashin koci John Heisman, mutumin da a yau ake ba da babbar kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i da sunansa. Auburn ta zo da salon saurin jera hari ba tare da ba abokan hamayya damar numfasawa ba, ta kai ƙwallo bayan layi sau biyu, amma ba ta samu makin bugun da ke biyo baya ba. Sewanee ma sau biyu ta kai, ta kuma ci bugu ɗaya, aka tashi 11 da 10. An yi ta gardama a kan hukunce-hukuncen alƙalin wasa, har Heisman ya fito ya soke shi a jarida. Kwana biyu bayan haka, ranar 2 ga Disamba, Sewanee ta doke North Carolina a Atlanta da ci 5 da nema, ta hanyar bugun ƙafa guda na Kilpatrick, kuma da haka ta zama zakarar kudu.

Abin da ya biyo baya

Luke Lea ya kafa jaridar Nashville Tennessean a 1907, ya zama sanata mai wakiltar Tennessee daga 1911 zuwa 1917, a watan Janairun 1919 kuma, yana kanar a rundunar Amurka, ya jagoranci wani yunƙuri da bai yi nasara ba na kamo tsohon sarkin Jamus Wilhelm na II daga mafakarsa a Holan. An shigar da Seibels zauren fitattun 'yan ƙwallon jami'o'i a 1973. Ita kuwa Sewanee, manyan jami'o'in jihohi sun yi mata nisa da yawan ɗalibai da kuɗi. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙawancen wasanni na jami'o'in kudu maso gabas, wato SEC, a 1932, amma ta shafe kaka takwas a cikinsa ba ta ci wasan ƙawance ko ɗaya ba, ta fice a 1940. A yau tana buga ƙwallo a rukuni na uku na hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa.