Mene ne "lai si" a sabuwar shekarar mutanen kudancin Sin?

Lai si shi ne sunan da masu harshen Kantonis, wato mutanen lardin Guangdong da Hong Kong da Macau, suke kiran 'yar jar ambulan da ake saka kuɗi a ciki a bayar lokacin sabuwar shekara. A harshen Mandarin hongbao ake ce mata. Ranar bikin tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma ana yin rabon cikin kwana 15 na shagalin.

Abu ne mai kama da goron sallah, sai dai a nan aure ne yake raba mai bayarwa da mai karɓa, ba shekaru ba. Wanda ya yi aure ya shiga sahun masu bayarwa, shi kuwa tuzuru ko ya kai arba'in yana iya karɓa daga hannun 'yan uwa, tare da tambayar da ba ta ƙarewa: yaushe za a yi? Miji da mata sukan ba yaro ambulan biyu, ɗaya daga kowannensu. Yaro zai gaida babba da "kung hei fat choi", fatan arziki ke nan, ya karɓa da hannu biyu, kuma ba ya buɗewa a gaban wanda ya ba shi.

Kuɗin ma da ƙa'idarsu. Sababbi ake so, shi ya sa layi yake yin tsawo a bankunan Hong Kong kafin biki. Ba a saka tsaba. Ana kauce wa lamba 4 saboda furucinta ya yi kusa da na mutuwa, ana son 8 saboda ta yi kusa da na bunƙasa. Ja launin farin ciki ne a wurinsu, farar ambulan kuwa ta gidan makoki ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutanen Guangdong suka riƙe al'adar. A wasu lardunan ambulan ɗaya kan ɗauki ɗaruruwan yuwan, wato kuɗin Sin, har abin ya zama nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi. A Guangdong kuwa yuwan 10 ko 20 ba abin kunya ba ne, domin yawan hannuwan da aka miƙa wa ake dubawa. Maigadi yana samu, mai shara tana samu, haka mai kawo shayi a gidan cin abincin da iyali suka saba zuwa, haka 'ya'yan maƙwabta. Ranar da aka koma aiki maigida yakan raba wa ma'aikatansa, marasa aure kuma su bi ofis-ofis suna gaida masu aure. Talaka ma yana iya cika aljihu da ambulan ya fita ya yi rabo kamar kowa.

Masu rawar zaki, wato masu sanya rigar siffar zaki suna rawa, su ma ba a barinsu a baya. Mai shago yakan rataye ganyen latas da lai si a bakin ƙofa, zakin ya zo da kiɗa ya "cinye" ganyen ya watsa, masu rawa su tafi da ambulan.

Tun 2014 manhajar WeChat ta kawo ambulan ta waya, ana tura wa dangi na nesa da abokai a zaure ɗaya. Amma a ziyarar gidan kakanni, ta takarda ake miƙawa hannu da hannu har yau.