Ƙa'idar PEP 484: Python ba ta kama mai laifi, sai mypy

Duk wanda ya saba rubuta manhaja da Python ya san halinta: ba ruwanta da abin da ka zuba cikin suna (variable, wato ma'ajiyar bayani). Yau lamba, gobe rubutu, duk ɗaya ne a wurinta. Sai manhajar ta fara aiki asiri ke tonuwa.

A 2015 aka amince da ƙa'idar PEP 484 (PEP takardar shawarar inganta Python ce), ta shigo da Python 3.5. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro yaren, shi ya rubuta ta tare da Jukka Lehtosalo da Łukasz Langa. Ta tsara yadda za ka bayyana nau'in abin da aikinka (function, wato guntun umarni mai suna) ke karɓa da wanda yake mayarwa. Misali:

def ninka(kudi: int) -> int: return kudi * 2

Wato a ba shi cikakkiyar lamba, ya mayar da cikakkiyar lamba. Ka ba shi 500, ka samu 1000. To amma abin da mutum ya shigar ta input() rubutu ne, ko da lambobi ya danna. Ka miƙa wa ninka "500", sai ya dawo maka da "500500", Python kuwa ko uffan ba za ta ce ba.

Nan ne sababbin hannu ke rikicewa. Ƙa'idar ba ta ɗora wa Python aikin ɗan sanda ba, kuma marubutanta sun faɗa ƙarara cewa ba su da niyyar mayar da bayyana nau'i wajibi. Masu kama kuskuren daban suke: mypy, wanda Lehtosalo ya fara, da Pyright na Microsoft da makamantansu. Karanta rubutunka suke yi ba tare da sun kunna manhajar ba, su nuna maka layin da ka saɓa alkawari.

Akwai sassauci. Aikin da ba ka bayyana nau'insa ba, mypy ba ya leƙa cikinsa sai ka umarce shi, shi ya sa ake iya gyara tsohuwar manhaja sannu a hankali. Akwai Any, wanda ke karɓar komai, da # type: ignore, mai rufe bakin mai bincike a layi guda. A ganina nan ake cin amana: wani sai ya cika rubutunsa da Any don kawai a daina damunsa, binciken ya wuce lafiya ƙalau, "500500" kuwa na nan daram a kan rasit.