Girkin Kirsimeti: Haɗarin Da Ke Tsakanin Sauke Tukunya Da Ɗumamen Washegari

A gidajen Kiristoci da ke Jos da Kafanchan da Zonkwa, da Wusasa ta Zariya, har zuwa Billiri da Numan da Garkida, aikin abincin Kirsimeti yakan fara ne kwana biyu ko uku kafin ranar 25 ga Disamba. Da farko akan kwaɓa fulawa a yanka cincin, a soya fanke, masu hali su gasa kek. Ranar jajiberi a yi yanka, a tafasa nama a soya, a markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu domin miyar dage-dage. Da asubahin ranar biki kuwa sai a ɗora manyan tukwanen shinkafa, jalof ko soyayya, domin a kammala kafin a tafi sujada a coci. Wasu gidajen a Filato ba sa jin biki ya cika sai an haɗa da gwate ko tuwon acca, wasu kuma sai an toya waina. Daga nan sai a fara aiken yara da kwanuka zuwa gidajen maƙwabta, Musulmi da Kirista, suna dawowa da ɗan tukuicinsu a hannu.

Babu wani abu a cikin waɗannan abinci da yake cutarwa a karan kansa, kuma ba nufinmu ba ne mu rage wa kowa daɗin bikinsa. Amma mu da muke aiki a ƙananan asibitocin unguwa mun san abin da yakan biyo baya a daren 25 da ranar 26, wato iyali guda, manya da yara, su zo da amai da gudawa a lokaci ɗaya. Idan an tambaya, sai a ce yawan ci ne, ko canjin ruwa ga waɗanda suka zo daga birni, wani lokacin ma a zargi hannun wanda ya aiko da abinci. Galibi dalilin bai wuce tsawon lokacin da abincin ya ɗauka a ajiye ba. Girkin yau da kullum ana sauke shi ne a cinye nan take, shi kuwa girkin biki ana yin sa da yawa, a yi shi da wuri, ya yini a rufe, ya yi tafiya a hannun yara, sannan a kwana da ragowarsa.

Ƙwayoyin cutar da ke lalata abinci suna hayayyafa ne a yanayin da yake tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma a wajen ɗumi wasunsu kan ninka yawansu cikin kimanin minti 20. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki, sai dai a riƙe shi da zafi sosai ko a sanyaya shi sosai. Ƙiyasin da hukumar ta fitar a shekarar 2015 ya nuna cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya ta dalilin gurɓataccen abinci a kowace shekara, 420,000 daga ciki suna rasuwa, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Sanyin hunturu yana ruɗin mutane a wannan wuri. Ko a Jos, inda safiyar Disamba take sa haƙori kaɗawa, sanyin ɗaki bai kai na firiji ba, kuma da rana ta ɗaga zafin kicin ya ishi ƙwayar cuta yin aikinta.

Shinkafa ita ce abin da ya fi kamata a tsaya a kai, domin ita ce uwar biki kuma ita ce aka fi yarda da ita. Ɗanyar shinkafa tana iya zuwa da wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bacillus cereus, wadda take ƙunshe kanta cikin wani irin ɓawo da dahuwa ba ta kashewa. Muddin shinkafar tana da zafi sosai, ƙwayar ba ta motsi, amma da zarar ta huce ta koma ɗumi-ɗumi sai ta farka, ta yaɗu, ta saki wata guba a cikin abincin. Abin da ya sa wannan guba ta fi sauran haɗari shi ne ɗumame ba ya karya ta, ko da an mayar da shinkafar kan wuta ta yi tururi. Wanda ya ci yakan fara amai tsakanin rabin awa zuwa awa 6. Shinkafar da aka sauke da ƙarfe 6 na safe, aka juye a babbar kula, aka yini ana buɗewa ana ɗiba ana rufewa har bayan faɗuwar rana, ta shafe awanni masu yawa a daidai yanayin da ƙwayar take so. Kula ba ta ƙara wa abinci zafi, jinkirta hucewarsa kawai take yi. Soyayyiyar shinkafa ta fi saurin lalacewa saboda hanta da karas da koren wake da ake zubawa a ciki. Amma shinkafa, soyayyiya ce ko jalof, tana iya ɗaukar gubar alhali ƙamshinta da ɗanɗanonta ba su canja ba, saboda haka sansanawa ko ɗanɗanawa ba gwaji ba ne.

Shawarar da ta fi dacewa da halin da muke ciki na ƙarancin wutar lantarki ita ce a raba dahuwar shinkafa gida biyu. A dafa ta safe daidai waɗanda za su ci da waɗanda za a aika wa, sannan da yamma a sake ɗora wata domin baƙin dare. Na san wannan ƙarin wahala ce ga iyaye mata da suka kwana a tsaye, amma miya da nama da suka fi cin lokaci an riga an gama su, dafa shinkafa kuwa bai kai awa guda ba, kuma aiki ne da samari da 'yan matan gida za su iya ɗauke wa uwarsu. Inda akwai firiji mai aiki, a baza ragowar a faffaɗan tire ta huce da sauri, a zuba a ƙananan robobi masu murfi a saka cikin awa guda, a ci washegari bayan an ɗumama ta ta yi zafi har tsakiya, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Idan an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa na kimanin awa 4, bayan haka a ɗauke shi tamkar akwati. Shinkafar da ta kwana a tukunya ko a kula kuwa, a haƙura da ita.

Al'adar iyayenmu ta tafasa miya da dare kafin a kwanta, a sake tafasa ta da safe, tana da amfani matuƙar miyar ta tafasa sosai ana juyawa, ba wai ta yi ɗumi kawai ba, kuma ba a sake tsoma cokalin da aka kai baki ba. Naman da aka soya ya bushe yana jure ajiya fiye da wanda aka bari cikin romo. Haɗin salak na kabeji da karas da dafaffen ƙwai da bama shi ne kishiyar wannan, domin babu wutar da za ta taɓa shi bayan an haɗa. A wanke ganyen da tsaftataccen ruwa, musamman da yake yawancinsa na noman rani ne kuma ba kowane ruwan ban-ruwa ne mai tsafta ba. A bar bama a kwalbarsa sai lokacin da za a ci, a haɗa kaɗan-kaɗan, abin da ya saura a faranti a zubar.

Wajen sayen nama, a tuna cewa araha ba ta ado. Dabbar da aka yanka don ta kusa mutuwa, ko kajin da ake karyar da farashinsu saboda cuta ta shiga gona, ba abin kai wa iyali ba ne. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya ne a jihar Kaduna a shekarar 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci, sannan a watan Yulin 2023 an tabbatar da cutar antiraks, mai kama dabbobi har ta kama mutanen da suka taɓa su ko suka ci namansu, a wata gonar dabbobi a Suleja. Masu kiwon kajin Kirsimeti su duba takardar maganin da suke ba su, su kiyaye kwanakin da aka ce a dakata kafin yanka. A gida kuma, wurin fige kaza da gyaran kayan ciki ya yi nesa da wurin da ake yanka kabeji, wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa wani abu. Kaza ta dahu har jikin ƙashi, ba ja ko alamar jini. Masu jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi su daina, domin maganin yana illa ga hanta idan ya yi yawa, kuma babu wanda ya san nawa ne zai faɗa a kwanon yaro.

Abincin da za a aika wa maƙwabta a zuba shi da zafinsa, a rufe, a aika nan take, domin ƙurar hunturu da ƙudaje ba sa barin buɗaɗɗen kwano, yara kuma sukan tsaya kallon wasa a hanya. Gidan da kwanuka suka taru daga wurare da yawa su fara cin mai ruwa-ruwa da mai bama, kada a juye su wuri guda a ce sai gobe, tunda ba a san ƙarfe nawa kowace tukunya ta sauka ba.

Cincin ba shi da wannan matsala, domin busasshe ne kuma yana iya kaiwa sabuwar shekara lafiya lau. Nasa haɗarin yana wajen suya da wajen ajiya. Kaskon mai a kan murhun gawayi a tsakar gida, ga yara suna zagayawa suna jiran na farko ya fito, shi ne sanadin ƙunar da muke yawan gani a wannan mako. A kafa murhu a lungu, a sa babba guda ya tsare yara. Idan tsautsayi ya auku, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsafta a wurin na tsawon minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsaftataccen ƙyalle a kai asibiti. Kada a shafa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko manja, domin suna riƙe zafi kuma suna kawo ruɓa. Kada kuma a shigar da gawayi mai ci cikin rufaffen ɗaki saboda sanyi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci. Man da aka soya nama da shi, aka soya fanke, har ya yi baƙi yana kumfa da hayaƙi, ya gama aikinsa.

Bayan cincin ya huce sarai, a zuba shi a bokiti ko roba mai murfin da yake kamawa, ba a kwali ko buɗaɗɗiyar leda a ƙarƙashin gado ba. Kirsimeti yana zuwa ne a farkon lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. An fara gano cutar a shekarar 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ne yake yaɗa ta ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Ƙona daji da rani yana koro ɓerayen zuwa cikin gidaje, inda suke tarar da fulawa da gyaɗa da ragowar abincin biki. Duk abin da aka ga alamar ɓera ya taɓa, kada a kakkaɓe a ci. A wanke kwanuka kafin a kwanta, a kai shara nesa da gida.

Kunun aya da kunun zaƙi da zoɓo sun fi lemon kwalba ga lafiya idan an rage musu sukari, amma ruwan da aka haɗa su da shi da ƙanƙarar da aka jefa a ciki su zama na tafasasshe ko tataccen ruwa, robobin da za a ɗura kuma a wanke su da sabulu da ruwan zafi. Kunun aya ba ya yini a waje, a yi shi a ranar da za a sha. Masu hawan jini su sani cewa gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali guda, kuma magi ma gishiri ne. Masu ciwon sukari kada su ajiye maganinsu don ana biki, kuma cincin da fanke da kek duk fulawa ce da sukari, ko da ba a ji zaƙinsu sosai ba.

Idan duk da haka wani ya kamu da amai da gudawa, abin da yake kashewa shi ne ƙarewar ruwan jiki, saboda haka a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga farko. Ana samun ƙunshinsa a kemis, kuma yana da kyau a saya a ajiye tun kafin biki, tunda shaguna da yawa sukan rufe. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tula ba, cikin lita guda ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha da ka. A garzaya asibiti idan an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa shan komai, ko idanunsa sun zurma, ko fitsari ya ɗauke, haka nan idan mai ciwon tsoho ne ko mace mai ciki. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, tare da ciwon maƙogwaro ko zubar jini, a kai mai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, ko a kira lambar kyauta ta NCDC, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232.