Girgizar ƙasa ce ko bam aka tayar? Amsoshi ga masu yawan tambaya

Wai na'urar auna girgizar ƙasa tana iya gane bam ɗin nukiliya da aka tayar a ƙarƙashin ƙasa?

Tana iyawa. Na faɗi wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ta yaya?

Bam tura ƙasa yake yi ta kowace fuska lokaci guda. Girgizar ƙasa kuwa zamewar dutse ce a jikin dutse. Shi ya sa bam ya fi ƙarfi a igiyar P, wadda ke fara isa na'ura, girgiza kuma ta fi ƙarfi a igiyar S da masu bin saman ƙasa. Sannan a duba zurfi. Abin da ya taso daga kilomita 30 ba aikin mutum ba ne.

Mu ina ruwanmu?

Haba jama'a! A Torodi ta Nijar akwai ɗaya daga manyan tashoshin auna girgiza 50 na CTBTO, hukumar sa ido kan hana gwajin nukiliya da ke birnin Vienna. Kuma Faransa ta yi gwaje-gwajenta na nukiliya cikin dutsen In Ekker a Aljeriya daga 1961 zuwa 1966, a Saharar nan tamu.

Idan bam ɗin ƙarami ne, ko an ɓoye shi fa?

Yauwa, nan ne gizo ke saƙa. Ƙaramin motsi yana iya nutsewa cikin hayaniyar ƙasa, balle in tasha na nesa. Masu haƙar ma'adinai ma suna fasa dutse da nakiya kullum, ko da yake nasu sukan tashi bi da bi, kuma hakan kan bayyana a zanen na'ura. Akwai kuma dabarar tayar da bam cikin babban kogo. Amurka ta gwada haka a 1966 cikin ramin gishiri a Mississippi, motsin ya ragu kusan sau 70. Amma ku kwantar da hankali, bam ɗin ƙarami ne ƙwarai, kuma haƙa kogon da zai ɗauki babba a ɓoye ba wasa ba ne. Ko an tabbatar fashewa ce, girgiza kaɗai ba za ta ce nukiliya ce ba, sai an shinshino iskar zenon, irin wadda fashewar nukiliya ke fitarwa. A 2006 har a Yellowknife ta Kanada aka kama iskar gwajin da Koriya ta Arewa ta yi.

Gwajin Koriya ta Arewa na 2017 fa?

Ranar 3 ga Satumba, a Punggye-ri, wurin gwajin ƙasar, ƙarfinsa 6.3 a ma'aunin girgizar ƙasa. Bayan kimanin minti takwas aka ji wani ƙaramin motsi, masana suka ce ramin ne ya rufta.