Tsofaffin gidajen sarakan Ingila da ake koyar da noman lambu da girki a ciki: amsoshin tambayoyin da 'yan uwa ke yawan yi min

Tunda na fara zuwa irin waɗannan wurare nake ta shan tambayoyi, musamman daga 'yan uwanmu ɗalibai da masu aikin asibiti da ke zaune a nan Birtaniya, wasu kuma daga gida. Shi yasa nace bari in tattara su wuri ɗaya in amsa gwargwadon abin da na gani da idona da wanda na sani.

Wai wane irin gidaje ne ake magana?

Manyan gidajen masu sarauta ne da attajiran da, waɗanda suke can bayan gari a cikin karkara. Gida ɗaya zaka ga ɗakuna sun fi ɗari, ga fili iya ganinka, ga daji, ga tafki, ga bargar dawakai, ga kicin da ya fi wani gidan girma, sannan ga lambu da aka kewaye da doguwar katangar jan bulo. Misali Chatsworth da ke Derbyshire na zuriyar Cavendish, ko Longleat a Wiltshire, ko Audley End a Essex. Wasu har yau jikokin masu su na ciki, wasu kuma suna hannun ƙungiyoyi, babbar cikinsu itace National Trust wadda mutum uku suka kafa a 1895, Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley. Yanzu membobinta sun haura miliyan 5 kuma tana kula da wurare sama da 500 a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Ita Scotland tana da tata daban tun 1931.

To me ya sa masu kuɗi zasu buɗe gidansu talaka ya shigo yana koyon shuka albasa?

Ba don alheri aka fara ba gaskiya, matsi ne. A 1894 gwamnati ta kawo harajin gado, aka yi ta ƙara shi har bayan yaƙin duniya na biyu ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi. Ga kuma barori sun watse, wasu yaƙi ya cinye su wasu sun samu aikin masana'anta mai albashi mai kyau, to wa zai share ɗaki ɗari ya hura wuta a kowanne? Haka aka yi ta rushe gidajen nan ɗaruruwa a shekarun 1950 saboda ba mai iya riƙe su.

Ka ɗauki Chatsworth. Da mai gidan ya rasu a 1950 sai da aka biyo magajinsa harajin kusan fam miliyan 7, suka sayar da filaye da kayan tarihi, har wani gidan nasu guda mai suna Hardwick Hall suka miƙa wa gwamnati a madadin kuɗi, yau yana hannun National Trust. Su kuwa mutanen Longleat tun 1949 suka fara karɓar kuɗin shiga, a 1966 ma zakuna suka kawo suka zuba a filin don mutane su zo kallo. Kaga kenan laccar lambu da ajin girki da kasuwar Kirsimeti duk cikin neman kuɗin gyaran rufi ne da biyan ma'aikata. Ni dai ban ga laifin hakan ba, tunda abin da ake koyarwar na gaske ne kuma mai amfani.

Me ake koyarwa a wajen lambun?

Nan ne inda nafi so wallahi, kuma nan zan daɗe. Shi lambun katanga ba don ado aka gina shi ba, shi ke ciyar da gidan gaba ɗaya shekara cur a ƙasar da sanyi ke kashe shuka wata da watanni. Katangar tana tare iska, bulon yana shan zafin rana ya riƙe ya saki da dare, shi yasa zaka ga an shimfiɗa rassan bishiyar tuffa ko fiya a jikin bango an ɗaure su kamar an buɗe tafin hannu, bangon da ke kallon kudu shi ake ba 'ya'yan itacen da suka fi son ɗumi. Duk wannan ilimin na ma'aikata ne, mutanen da sunansu bai shiga littafin tarihi ba, kuma shi ake mayar wa jama'a yanzu.

Yawanci shugaban masu lambun ne zai zagaya da ku, mutum goma ko ashirin, yana magana hannunsa duk ƙasa. Lokacin sanyi ana nuna yadda ake datse rassa da yadda ake yi wa bishiya aure, irin dai yadda muke yi wa mangwaro a gida, dabarar ɗaya ce. Da bazararsu ta shigo wajen Maris da Afrilu sai maganar shuka iri a ƙananan kwanoni cikin ɗakin gilashi, da gargaɗin da ba sa gajiya da maimaitawa, kar ka fitar da tumatir ko kabewa waje sai tsakiyar Mayu ta wuce saboda ƙanƙarar asuba ɗaya ta isa ta ƙone maka wahalar wata biyu. Akwai darasin haɗa taki da ganye da ɓawon kayan miya, akwai na yaƙi da dodon koɗi wanda shine babban maƙiyin mai lambu a ƙasar nan, akwai kuma wani salo da ya shahara yanzu na noma ba tare da kaftu ba, kawai ka riƙa zuba taki a saman ƙasa ka bar tsutsotsi suyi maka huɗa. Ranar da na fara jin wannan sai da na yi gardama da mutumin, nace wane irin noma ne ba fartanya, ya ɗauko ƙasa a hannunsa ya nuna min yadda take baƙa wuluk tana warwarewa, na yi shiru.

Wani wuri a Cornwall da ake kira Heligan yana taɓa min zuciya sosai. Ma'aikatan lambun sun rubuta sunayensu a bangon wani ɗan makewayi a watan Agusta 1914 suka tafi yaƙin duniya na ɗaya, da yawa basu dawo ba, lambun ya koma kurmi shekaru da dama har sai 1990 da aka fara tono shi ana gyarawa. Yau a can suna noma abarba a cikin rami mai murfin gilashi, zafin kashin doki mai ruɓewa ne ke ɗumama ta, yadda kakanninsu suke yi.

Da gaske ne ayabar da muke ci tana da alaƙa da ɗaya daga cikin gidajen?

Da gaske ne. Ayabar nan mai launin ɗorawa da ta cika manyan kantunan duniya sunanta Cavendish, sunan zuriyar Chatsworth ne. Mai lambun gidan Joseph Paxton, wanda ya kama aiki a 1826 yana saurayi, shi ya raine ta a ɗakin gilashi a shekarun 1830, daga nan aka ɗauki 'ya'yanta zuwa wasu ƙasashe masu zafi. Asalin ayaba dai daga Asiya take, amma sunan a nan ya samo tushe.

Zan iya samun ɗan fili in shuka nawa?

Ana samu amma sai da haƙuri. Akwai abin da suke kira alotmen, ƙananan filaye da ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ke bayarwa haya da kuɗi kaɗan a shekara, tsohuwar al'ada ce da ta ƙara ƙarfi lokacin yaƙin duniya na biyu da gwamnati tace kowa ya noma abin da zai ci. A 2009 National Trust tayi alkawarin fitar da irin filayen nan guda 1,000 a cikin filayenta. Matsalar itace layi, a manyan birane sai mutum yayi shekaru yana jira. Hanya mafi sauƙi itace aikin sa kai, ka rubuta sunanka kana zuwa rana ɗaya a mako kana taya su cire ciyawa da dashe, ka koyi aiki kyauta, ka san mutane.

Kuma ga wanda zai gwada kayan gida, alayyafo yana yi sosai da rani, kabewa da wake da masara ma haka. Attaruhu da kuɓewa sai cikin ɗakin gilashi ko bakin taga, kuma attaruhu tun Janairu ko Fabrairu ake shuka shi don yana da jinkiri. Yakuwa zata baka ganye ka sha miya amma kar ka sa rai da soɓo, sanyi na riga furen zuwa. Na gwada shekara biyu.

Ajin girkin fa, abincin Turawa kawai ne?

Kala biyu ne. Akwai na tarihi wanda kallo ne yafi yawa, kamar a fadar Hampton Court kusa da Landan inda kicin ɗin Sarki Henry na 8 yake, wanda a zamaninsa yake ciyar da ɗaruruwan mutane sau biyu a rana, wasu ranaku zaka tarar da masu girki cikin kayan da suna juya nama a jikin dogon ƙarfe gaban wutar itace, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai balangu zai gane aikin nan take. A Audley End kuma kicin ɗin shekarun 1880 suka maido yadda yake, har da girke girken wata kuku ta gaske mai suna Avis Crocombe da ta yi aiki a gidan ta bar littafin da ta rubuta da hannunta.

Na biyun shine wanda zaka sa hannu da kanka, gasa burodi, haɗa jam, adana kayan lambu a cikin kwalba da ruwan tsami, yin fai ɗin tuffa. Yawanci daga lambun gidan ake tsinko kayan da safen nan. Wannan biya ake yi daban kuma sai ka kama wuri tun da wuri.

Musulmi zai iya shiga hankali kwance?

Zai iya amma ka tambaya kafin ka biya, kar ka ji kunya. Tsohon girkin Ingila cike yake da kitsen alade a cikin ƙullin fai, da kitsen saniyar da ba yankan Musulunci ba, da giya a cikin kek ɗin Kirsimeti, da jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a kayan zaƙi. Ni burodi da jam da miyar kayan lambu nake zaɓa. In ka rubuta musu tun kafin ranar yawanci suna sauya maka da bota ko man gyaɗa ba tare da wata matsala ba, sun saba da masu cin ganyayyaki kawai. Akwai kuma wani bikin gonar tuffa da suke yi a Janairu wanda giyar tuffa ce ginshiƙinsa, wannan ni bana zuwa. Wurin sallah kuwa da wuya ka samu ɗaki na musamman, amma fili ne ko'ina, ka tafi da dardumarka.

Wane lokaci yafi dacewa a je?

Kowane wata da abinsa. Fabrairu wasu ƙananan fararen furanni ke fitowa tun ƙasa na daskare, mutane na tururuwa zuwa Anglesey Abbey kusa da Cambridge don su kawai. Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu daji ya koma shuɗi da furanni, ga 'yan raguna sababbin haihuwa, yara na son wannan. Ƙarshen Agusta ko farkon Satumba Chatsworth na yin babban bikin karkara da dawakai da karnukan kiwo da rumfunan abinci. A Satumba ne kuma ake yanke inabin kurangar Hampton Court da aka dasa tun 1768 kuma har yau tana haihuwa, a sayar wa baƙi.

Amma in ɗaya zan zaɓa maka to ranar tuffa ce, 21 ga Oktoba ko ƙarshen makon da ke kusa da ita, wadda wata ƙungiya mai suna Common Ground ta fara a 1990 a Landan saboda tsofaffin gonakin tuffa na ɓacewa. Zaka ga an jera iri iri a kan tebur ka ɗanɗana, a kanti kala biyar ko shida ka sani amma a gonar Brogdale da ke Kent kaɗai an adana sama da iri 2,000. Tsofaffi na zuwa da tuffar bayan gidansu a leda don masana su faɗa musu sunanta, abin gwanin ban sha'awa.

Ance da kuɗin bayi aka gina wasu, ya zamu yi da wannan?

Gaskiya ne kuma bai kamata a ɓoye ba. A 2020 ita kanta National Trust ta fitar da rahoto da ya lissafa wurare 93 a hannunta masu alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka, aka yi ta cece kuce a jaridu. Penrhyn Castle a Wales dukiyar gonakin rake na Jamaika ce a ƙarƙashinsa, Harewood House kusa da Leeds ma zuriyar Lascelles daga raken Barbados suka tara arziki. Da aka soke bautar a 1833 gwamnati ta biya masu bayin diyyar fam miliyan 20, su bayin ko sisi. A matsayina na ɗan Afirka ina jin nauyin wannan duk sanda na shiga ɗakin da aka shafe da ruwan zinari, shi yasa ma nafi tsayawa a lambu da kicin. Amma ina ganin zuwa yafi ƙauracewa, ka je da yaranka ka karanta musu allunan, in ba a rubuta inda kuɗin ya fito ba ka tambayi mai zagayawa da ku a gaban kowa, cikin ladabi.

Kuɗin shiga fa, ɗalibi zai iya?

Tikitin manyan gidajen yana da ɗan tsada musamman in da iyali, amma sau da yawa na lambu kaɗai yafi araha kuma laccar mai lambun na cikinsa. In zaka riƙa zuwa akai akai katin memba na shekara yafi sauƙi, sai dai ka lura katin National Trust baya aiki a Chatsworth ko Longleat ko Hampton Court, kowanne da masu shi. A watan Satumba akwai kwanakin da wurare da yawa a Ingila ke buɗe ƙofa kyauta, tsarin da aka fara tun 1994. Babbar wahalar itace mota, yawancinsu bas baya kaiwa ƙofa, ko kuma ranar Lahadi babu shi sam, don haka ku haɗu mutum huɗu ku raba kuɗin mai, ku tafi da abincinku a cikin kula, da kuma takalmin da baka jin tsoron ya sha laka.